Rumfa a Ƙofar Munzali

Rashidatu na cikin tsiyaya manja a kwalba ta lura rediyon maƙwabciyarta ya sauya baki. Kullum daga buɗe kasuwa har hantsi muryar Munzali ce ke fita daga 'yar rediyon nan da ke rataye a ginshiƙin rumfar doya, yana gaishe-gaishe, yana tsokanar masu kira, yana dariyar nan tasa mai kama da tari. Yau babu shi. Karatun Alƙur'ani ake ta saki, sura na bin sura.

Ta ci gaba da tsiyayarta, don a bakin mutane ai ita ba ta sauraren shirin. Ta sha gaya wa Margaret, 'yar garin Garatu mai sayar da doya a rumfar da ke jikin tata, cewa da za ta kashe wannan abin surutun da kowa ya huta. Margaret kuwa ba ta kashewa. Ta san in ta kashe, ba a jimawa Rashidatu za ta fara tambayar ko batir ne ya ƙare.

Munzali ƙaninta ne, uwa ɗaya uba ɗaya, a bayanta ya girma. Rabonta da yi masa magana kuwa har an yi babbar Sallah biyu.

Abin da ya raba su ba ɓoyayye ba ne, tunda a rediyo aka yi shi. Lokacin da mijinta ya sake ta, ta waya ya aiko da sakin, tana tsakiyar ciniki. Ta rufe rumfa ta tafi gidan Munzali ta yi kukanta, ta amayar masa da duk abin da ke cikinta, har wanda ba ta taɓa gaya wa kowa ba. Ba a yi mako ba sai ga maganar a shirinsa: wata baiwar Allah 'yar Sabon Gari, mai sayar da manja a kasuwa, mai 'ya ɗaya. Bai faɗi suna ba, shi a ganinsa ya rufa asiri ke nan. Ya buɗe layi, mutanen Minna suka yi ta kira, daga Bosso, daga Tunga, daga Chanchaga, kowa ya zama alƙali. Wani ya ce macen da ta fi son kasuwa a kan miji ai ita ta saki kanta. Wata ta ce a binciki girkinta tukuna. Rashidatu na zaune a wannan rumfar tana ji, masu ciniki na kallon ta ta wutsiyar ido. Da ta tare shi da maganar sai ya ce, "Haba Yaya, ai darasi ne ga al'umma." Tun ranar ta ɗauke ƙafa daga gidansa, in ya zo nata ta sa sakata.

Karatun bai tsaya ba. Ta rufe kwalbar, ta ɗauki wata.

Sai ga Christiana mai busasshen kifi ta taho da sauri, waya a hannu. Christiana ita ce jaridar layinsu. Ita ta san mai karanta labarai a talabijin da ke shafa man bilicin, ta san masu shafukan da suka yi faɗa jiya da waɗanda suka shirya yau, ta san wanda ke aron mota don ya ɗauki hoto. Kifinta na iya kwana bai ƙare ba, amma labari ba ya kwana a bakinta. Yau kuwa tana haɗa ido da Rashidatu ta yi turus, ta juya ta shige rumfar doya. Aka yi ƙus-ƙus.

Margaret ta fito tana goge hannu a zani. Ba ta cika bambanta mace da namiji a Hausarta ba, amma ta iya tausasa murya.

"Maman Mubina, ka zauna tukuna."

"Ba a zaune nake ba? Mene ne?"

"Wannan yaro Sadiq ne ya sa wani abu. Ni ban yarda ba fa. Amma gara ka gani da idonka."

Sadiq Zafi-zafi kowa ya san shi a Minna, ko da bai san fuskarsa ba. Shafinsa ne ke riga kowa kawo labari, wani lokacin ma yana riga labarin kansa faruwa. Rashidatu ta karɓi wayar da yatsu biyu saboda manja. Hoton Munzali ne, da abin ji a kunnuwansa, yana dariya. A ƙasa an rubuta Innalillahi wa inna ilaihi raji'un, da ɗumi-ɗuminsa, Minna ta yi babban rashi. Sai hoto na biyu: rumfar taro, tabarmi a shimfiɗe, maza a zazzaune sun ɗaga hannuwa ana addu'a. A bayansu kuwa shuɗiyar ƙofar gidan Munzali ce, wadda ita da kanta ta zaɓa masa fentinta.

Kwalbar da ke cinyarta ta zame, manja ya malale a ƙasa.

"Kada ka yi haka," in ji Margaret. "Wannan yaro mutum nawa ya kashe bana? Ba shi ya ce mai unguwar wajenmu ya mutu ba? Mutum yana gona yana haƙa doya!"

"Sadiq ɗin ne ya aurar da yarinyar nan ta talabijin ga wani Alhaji, ita ko sanin Alhajin ba ta yi ba," Christiana ta ƙara. Sai kuma ta rage murya, don ba ta iya barin rabin labari. "Amma dai ga rediyo. Tun safe karatu suke. Kin san ba sa yin haka sai an yi rashi."

Nan ne Rashidatu ta fara yarda. Ƙaryar Sadiq ta saba ji, amma ruwa ba ya tsami banza. Ga rumfa, ga tabarmi, ga karatu.

Ta zaro wayarta. Lambar Munzali ta daɗe da gogewa, amma yatsunta ba su goge ba. A kashe take. Ta kira Yasmin matarsa, ta yi ta ringi har ta tsinke. Ta sake, ta sake, ba a ɗauka ba. Wa zai ɗauki waya a gidan mutuwa? Ta zura hijabi a baibai, ta bar rumfa a buɗe.

"Je ka, ni zan duba kaya," Margaret ta ɗaga murya a bayanta. "Allah ya sa karya ne!"

A bakin kasuwa ta samu Keke mai zuwa Maitumbi, unguwar su Munzali, saura mutum ɗaya. Ta matsu a gefe, kusa da wata budurwa mai jakar makaranta da wani dattijo mai hula zanna. Ba su kai shataletale ba aka fara maganar, don duk garin ita ake yi.

"An ce cikin barci ya tafi," in ji direban.

"A'a, hatsari ne a hanyar Beji," in ji budurwar tana murza waya. "Ga shi nan wani ya rubuta ya ga motar da idonsa. Kai! Ku ji abin da wani mai shafi ya rubuta. Wai ya yi rashin ɗan'uwa kuma malami. Wallahi mutumin nan ko makon jiya sai da ya zagi Munzali a shafinsa, ya ce ɗan amshin shata ne."

"Haka duniya take," in ji dattijon. "Sai ka mutu ake son ka. Allah ya jiƙansa, yaron ya iya magana. Ya sa an gyara mana famfo a unguwa, wannan ba zan manta ba. Sai dai bakinsa ba linzami."

"Baba, ai aikin ke nan," in ji direban. "In bai tono ba wa zai saurara? Ka tuna na matar nan mai manja da aka saka ta waya? Ranar har ajiye Keke na yi na kira, layin bai shiga ba."

Rashidatu ta ja hannuwanta cikin hijabi. Jan man ya shiga har ƙarƙashin farcenta.

Abin mamaki, ba ta ji haushin direban ba. Wani abu dabam ke cin ta. Ta san yadda ake yi. Za a fito da shi a ajiye, liman zai juyo ya ce jama'a, wanda mamaci ya yi wa laifi ya yafe masa. Kowa zai ce ya yafe, har waɗanda ba su san shi ba. Ita ma za ta faɗa daga cikin gida, ta faɗa wa mutumin da ba ya ji. To ita kuma wa zai yafe mata? Sau nawa ya zo ƙofarta ya yi sallama tana ciki tana jin sa? Da ƙaramar Sallah ya aiko da atamfa ta mayar. Ran da 'yarta Mubina ta ce ta haɗu da Kawu a hanya ya saya mata takalmi, sai da ta sa yarinyar kuka. Kullum tana cewa sai ya gane kurensa tukuna, sai ya zo ya faɗa da bakinsa ba darasi ba ne, cin amana ne. Ta ɗauka lokaci nata ne, tana da shi a ajiye kamar jarkar mai.

Ta tuna shi yana ƙarami, ranar da ya ɗauki ludayin uwarsu ya kafa a baki yana karanta labarai wa kaji. Ita ce ta fara yi masa tafi.

"Na yafe maka," ta ce. Ta ɗauka a zuci ta faɗa, ashe ya fito. "Munzali na yafe maka, duniya da lahira."

Budurwar ta kifa wayarta a cinya. Direban ya leƙo ta madubi, ya ga hawaye, ya ga hannun da ta fito da shi tana sharewa, ya mayar da idonsa kan hanya. Da suka isa bakin layin ta miƙa masa kuɗi ya ƙi karɓa, ya ce Allah ya ba da haƙuri.

Tun daga nesa ta hango rumfar. Tana nan yadda take a hoto, a ƙofar gidan, sai dai mazan sun fara miƙewa, ana naɗe tabarmi, ana zagayawa da faranti na waina. Har an kai shi ke nan? Wasu mutane da suka sauka daga mota suna tsaye da wani dattijo, yana ta yi musu bayani da hannu, su kuma suna kallon juna. Wani ya ce mata, "Hajiya, tsaya mana," ba ta tsaya ba. Ta tura shuɗiyar ƙofar ta faɗa ciki.

Tsakar gidan shiru. Da hankalinta na jikinta da ta gane tun nan, don gidan mutuwa takalma ke fara faɗa, a nan kuwa silifa ɗaya ne a bakin ƙofar falo. Ba mata, ba kuka, kaza ce kawai ke tsattsagar ƙasa a gindin gwanda. Amma wanda ya taho da makoki a ƙirji ba ya lissafin takalma.

Ta ɗaga labule. Ga shi nan a doguwar kujera, a miƙe samɓal, an lulluɓe shi da zani har ka.

"Innalillahi! Shi kaɗai suka bar shi!" Ta zube a kansa ta rungume. "Munzali! Ɗan'uwana!"

Gawa ta zabura. Ta yi fatali da zani, ta miƙe zaune, ido jajir, wuya naɗe da mayafin mata, ɗakin duk warin man zafi. Rashidatu ta ƙwalla ƙara ta ja da baya har ta bugi teburi. Shi ma ya buɗe baki zai yi tasa ƙarar, ba abin da ya fito sai iska, kamar tayar keke na sacewa.

Suka tsaya suna kallon juna. Ta matso a hankali ta taɓa goshinsa. Da zafi, zafin zazzaɓi, zafin mai rai. Ta kama kunnensa ta murɗa, ya yamutsa fuska. Sai ta zauna daɓas a ƙasa tana Alhamdulillahi, Alhamdulillahi, tana dariya tana kuka, ba ta san wanne ya fi yawa ba. Daɗin da ta ji a wannan lokacin, tun haihuwar Mubina ba ta ji irinsa ba.

Yasmin ta shigo a guje, ludayi a hannu, hayaƙi ya sa idonta ja. Ganin wadda ke zaune a ƙasa ya sa ta tsaya.

"Yaya? Ke ce? Lafiya? Yanzu wasu suka tare ni a waje suna yi mini gaisuwa, ni ban gane ba."

"Ke za ki tambaye ni lafiya? Rumfar mece ce a ƙofarku?"

"Ta maƙwabta ce. Sadakar arba'in ɗin Baba Mamudu, tsohon nan na jikin gidanmu. Ƙofarsu kwata ce, ba wurin zama, suka roƙa a kafa a tamu. Ni ma tun asuba ina can muna suyar waina."

"Wayarki fa?"

"Tana ɗaki a caji."

"Shi kuma wannan me ya hana shi zuwa aiki?"

"Muryarsa ce ta ɗauke. Shekaranjiya ya je gabatar da taro a Beji, ruwa ya dake shi, ya ƙi barin makirfo. Jiya likita ya ce kada ya kuskura ya yi magana sai ta dawo da kanta. Shi ne ya tura wa wurin aiki saƙo, ya kashe waya, ya sha magani ya kwanta."

Rashidatu ta gaya musu abin da Minna ke ciki. Yasmin ta shiga ɗaki ta ɗauko wayarta, ta duba, ta dafa bango. Munzali ya kunna tasa, saƙonni suka yi ta shigowa kamar ana zuba tsakuwa a kwano. Ya ga hotonsa, ya ga rumfar, ya fara karanta abin da ake rubutawa a ƙasa. Wai har da murmushi. Mutum an kashe shi da ransa, amma yabo na yi masa daɗi.

Murmushin nan ne ya dawo wa Rashidatu da fushinta, cif yadda ta ajiye shi. Ta miƙe, ta fizge wayar ta kifa a teburi.

"Daɗi kake ji ko? Ka ji yadda ake yi da mutum a gari ba ya nan? Kai yau ɗaya, kuma yabonka ake. Ni zagina aka yi, kai ka buɗe musu layin."

Ya ɗaga hannu, ya buɗe baki. Iska.

"A'a, yi shiru, likita ya ce. Yau ni ce mai shirin."

Ta kuwa yi. Duk abin da ta tara tun wancan lokaci, wanda take faɗa wa jarkoki in kasuwa ta yi sanyi, ta juye masa. Ta ce ba sakin ne ya karya ta ba, miji ai ana sakewa. Abin da ya karya ta shi ne ta kawo kukanta gidan ƙaninta, ya ɗauka ya kai kasuwa. Ta gaya masa yadda ta yi wata ba ta ɗaga ido ta kalli mai ciniki, yadda aka tsokani Mubina a makaranta, yadda yau ɗin nan ma direban Keke ya tuna mata. Da can ko jimla ɗaya ba ta kaiwa ƙarshe yake tare ta, don Munzali tun yana yaro ba a gama magana a gabansa. Yau ba halin tarewa. Ya zauna da mayafi a wuya yana ji, tun yana kallon ta har ya koma kallon ƙasa. Da ta zo kan Mubina sai ta ga ya sa gefen mayafin yana goge ido.

Yasmin ta raɓe a bakin ƙofa tana saurare.

Sallama aka yi a tsakar gida, kafin a amsa har an ɗaga labule. Wani saurayi ne siriri cikin farar shadda, ya ɗaga waya sama tana ɗauka, fuska a marairaice.

"Jama'a ga mu a gidan marigayi, za mu ji ta bakin iyalan..."

Ya yi ido huɗu da marigayi. Wayar ta kusa suɓucewa.

"Oga! Kana nan?"

"Kai ne Sadiq?" in ji Rashidatu.

"Ni ne, Anti. Wallahi ba laifina ba ne. Wucewa na zo yi na ga rumfa, na ga ana addu'a, na kunna rediyo na ji karatu. Ko ke ce me za ki ce?"

"Da sai in sauka in tambaya."

"Anti, kafin in tambaya wani ya riga ni sakawa. Haka aikin yake." Sai idonsa ya yi haske, ya sake ɗaga wayar. "Amma ai an samu wanda ya fi. Oga, ɗan ɗaga hannu kawai. Da ɗumi-ɗuminsa, Munzali ya dawo! Ni zan fara..."

Rashidatu ta sa tafin hannu a ƙirjinsa ta tura shi baya-baya, ta ratsa tsakar gida da shi har ƙofar waje. Da ta ɗauke hannun, yatsu biyar na manja sun zauna daram a farar shaddar.

"Ga labari nan, ka je ka saka," ta ce, ta rufe ƙofa.

Tana dawowa falo wayar Munzali ta ɗauki ƙara. Ya duba, ya nuna wa Yasmin, ta danna yadda kowa zai ji. Philip ne, abokin aikinsa a gidan rediyon, yana haki.

"Madam! Oga yana da rai? Don Allah gaya mini gaskiya!"

"Yana nan, ga shi a zaune. Murya ce kawai babu. Ba ya turo muku saƙo ba?"

"Ni ya tura wa, ni zan riƙe shirin, sai mashin dina ya lalace a hanya. Yaron da ke kan na'ura bai san komai ba, ya ga ba kowa, ya sa karatu. Yanzu na iso, mutane sun cika bakin get, wasu suna kuka. Na ce musu karya ne, sun ce sai sun ji daga gida. Zan hada ku kai tsaye yanzu, Oga ya ce ko kalma daya."

Munzali ya gwada. Ya dafe wuya, ya yunƙura, jijiyoyin goshinsa suka tashi. Ko sallama ba ta fito ba. Ya kalli Yasmin, ta girgiza kai tana ja da baya, har yanzu a ruɗe take tun da ta ga an rubuta mata Allah ya ba ta haƙurin takaba.

"Ni ba zan iya ba. Yaya, don Allah ke ki yi."

Ta tura wayar a hannun Rashidatu. Kafin ta ce a'a, ta ji Philip ya sauya murya zuwa ta aiki, yana cewa masu sauraro ku kwantar da hankali, ga mu kai tsaye daga gidan Munzali. Ta hango rumfar doya a zuciyarta, Margaret ta ƙure ƙarar rediyo, Christiana ta bar kifi ta matso, direban Keke ya faka a gefen titi.

"Mama, duk Minna na jin ki. Wa ke magana?"

Ta gyara tsayuwa.

"Sunana Rashidatu. Ni ce yayarsa, uwa ɗaya uba ɗaya. Munzali na nan da ransa, ga shi a gabana. Mura ce ta kama masa murya. Rumfar da kuka gani ta maƙwabta ce. Wanda ya yi kuka Allah ya ba shi lada, kowa ya koma sana'arsa."

Ta cikin wayar aka jiyo ihu da tafi daga can bakin get. Philip ya yi dariya, ya yi godiya ga Allah. Amma ɗan rediyo ɗan rediyo ne, in ya samu baƙo ba ya sakin sa da wuri.

"Mama, tun da ke ce babbar yaya, ke kika san shi ciki da waje. Yau dai ba shi da baki. Gaya wa masu sauraro, wane irin mutum ne Oga a gida? Akwai abin da ya taba yi miki da kike so ki fada masa a gaban jama'a?"

Yasmin ta sa hannu a baki. Munzali ya ɗago, zufa ta keto masa a goshi. Bai girgiza kai ba, bai roƙe ta da ido ba. Ya sauke hannuwansa a gwiwa ya jira, don ya san layin a buɗe yake, kuma ya san wanda ya koya wa garin wannan wasan.

Rashidatu ta dube shi sosai, ta bar shi ya ɗan dahu.

"Akwai," ta ce. "Amma ta cikin gida ce. Sai an jima."

Ta kashe wayar ta ajiye.

Munzali ya zamo daga kujera ya durƙusa a gabanta, ya kama gefen hijabinta. Leɓɓansa na motsi, ta gane abin da suke faɗa sarai. Ta riga ta ba da amsar tun a cikin Keke, gaban shaidu uku, amma wannan ba lallai ne ya sani yau ba.

"Tashi, kada sanyin ƙasa ya ƙara maka," ta ce. "Ba na karɓar ban haƙurin kurame. Bari muryar ta dawo, ka zo har rumfata ka faɗa da bakinka."

Ta cire hijabin, ta ga ashe a baibai yake tun daga kasuwa, ta rataye a ƙofa. Sannan ta juya wajen Yasmin.

"Kuna da citta da kanumfari a gidan nan, ko sai na aika?"